Ƙofar da Ta Rage Kafin Makka

Kakana ya bar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Ya iso Gadarif ta ƙasar Sudan damina ta kankama, ya ce bari ya noma riɗi shekara ɗaya ya haɗa guzuri. A nan aka binne shi bayan shekara arba'in. Mahaifina ya gaji niyyar tare da gonar, shi ma bai taɓa wuce Kassala ba. Sandar da tsohon ya dogara da ita tun daga yamma tana nan soke a jinkar ɗakina, hayaƙi ya mayar da ita baƙa. Ranar da ɗana Haidar ya kira ni daga Jidda, inda yake aiki, ya ce sunana ya fito cikin mahajjatan bana, na daɗe ina duban sandar nan, har ya zaci wayar ta yanke.

Mu jikokin matafiya muna da wata al'ada da ba mu sake ba. Maniyyaci ba ya barin gari sai ya bi ƙofa ƙofa ya nemi afuwa, domin kakanninmu sun fito ba su san ko za su koma ba, kuma tun a gaban allo aka koya mana cewa Allah Yana yafe abin da ke tsakaninSa da bawanSa, amma haƙƙin mutum yana hannun mai shi. Za ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, ka ce, "Al-afu wal-afiya, tafiya ta kama ni." Mai gida ya ce ya yafe duniya da lahira, ya roƙi addu'a, a sha ruwa a rabu. Kwana tara na yi ina zagaya unguwa, da 'yan uwa, da abokan gona. Ban sami ƙofar da aka hana ni ba.

A rana ta goma na dawo da la'asar na zauna a ƙarƙashin rumfa. Matata Atine tana soya gahawa a kasko. Na ce mata na gama.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Abu Haidar, saura ƙofa ɗaya."

"Wacce?"

"Wadda take Ƙala'at an-Nahal."

Ban taɓa gaya mata ba. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta juya gahawar sau biyu kafin ta amsa.

"Maganar ta iso mana cikin mata tun a makon da aka yi ta. Da na ji ta na gane ta. Shekara talatin da huɗu ina zaune da kai, na san ɗinkin maganarka kamar yadda na san ɗinkin rigarka."

Usumanu abokina ne tun muna kiwon awaki a bayan gari. Tare muka sha bulala a makarantar allo, tare muka fara yankan riɗi, shi ne ya tsaya mini ranar aurena. Hannunsa ya fi son ƙarfe da ƙasa, saboda haka ya tafi Madani ya zama makanikin tarakta, ya yi suna a faɗin yankin Jazira. Yakan ɗora wani dogon ƙarfe a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunnensa na hagu, ya rufe ido, ya faɗi ciwon injin tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Duk ƙaramar salla yana zuwa gida, mu zauna a kan angarib ɗaya, gadon nan na igiya, muna shan jabana, gahawarmu mai citta, har a kira magariba. Ban san wani mutum da dariyata ke fita da sauƙi a gabansa kamarsa ba.

Da yaƙi ya cinye Madani, mutane suka kwararo Gadarif, wasu a bayan lori, mafi yawa a ƙafa, makarantu suka cika da iyalai. Usumanu ya iso a tsohuwar boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, da matarsa Asia, da 'yarsa Hiba, da akwatin kayan aikinsa. A gidana suka sauka, kuma a yammacin nan ya ba ni labarin yadda motar ta tsira. Tun da ya ji ƙarar bindiga na matsowa ya cire mata tayoyi, ya kwance zuciyar injin ya binne a ramin toka, ya watsa mata ƙasa da kashin kaji. Masu ƙwace sun shigo har sau biyu, suka ga gawar mota, suka wuce. Da ya sami sarari ya mayar da komai, ya bi hanyoyin bakin magudanan ruwa da ya sani tun yana gyaran taraktocin manoma. Na ji wannan da kunnena, daga bakinsa. Ina so a riƙe wannan, domin shi ne nauyin da ba ni da inda zan ajiye.

Akwai majalisar da muke yi bayan la'asar a rumfar wata mai jabana kusa da kasuwar amfanin gona. Shekaru da yawa ni ne gishirin wurin. In na yi shiru ana tambaya ko lafiya, in na jefa magana ana maimaita ta har mako. Da Usumanu ya buɗe wurin gyara a bakin kasuwa, sai hira ta koma kansa: ya tayar da taraktar wane da ta shekara biyu a kwance, ya ji ciwon injin wane daga nesa. Wata rana ba ya nan, ana cikin yabonsa, na ji wani abu ƙanƙane ya motsa a ƙirjina. Na ajiye finjalina na ce:

"Kowa ya fito daga Madani da ƙafafunsa da rigar jikinsa. Abokina kaɗai aka buɗe wa hanya, har da mota. Allah Ya ba mu irin abokan da ya yi a can."

Aka fashe da dariya. Wani ya tafa hannuna. Abin da na nema ke nan, kuma na samu.

A wancan lokaci gari cike yake da tsoro, kowa na duban baƙo da wutsiyar ido, ana cewa akwai masu kai rahoto a cikin 'yan gudun hijira. Maganata ta bar rumfar tana raha, ta isa ƙarshen kasuwa tana zato, ta shiga unguwanni ta zama labari mai shaidu. Bayan kwana shida wasu mutane suka zo a mota marar lamba suka ɗauki Usumanu daga wurin aikinsa, hannunsa duk baƙin mai. Kwana goma sha tara ya yi a hannunsu. Na shiga cikin dattawan da suka yi ta kai da kawowa har aka sake shi, aka yi ta yaba mini amana. Ya fito kunnensa na hagu ya mutu. Bai ƙara wata ɗaya a Gadarif ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙala'at an-Nahal, wurin dangin matarsa. Ko da hanyar Madani ta buɗe bai koma ba.

Ni kuwa na daina zuwa rumfar. Mutane suka ce tsufa ne ya kama Gado, ya zama mai tasbihi. Ba su san cewa tsoron bakina nake ji ba. Sau da yawa da la'asar nakan ga Atine ta jera finjali biyu bisa sabo, ta tuna, ta mayar da ɗaya. Usumanu yakan kira ni a waya ranar salla, ya yi mini tsiya, ya ce na manta da shi. Ina amsawa da gajerun kalmomi, ina kewar muryarsa alhali tana cikin kunnena.

Washegarin maganar Atine na hau motar Ƙala'at an-Nahal. Ƙarshen rani ne, baƙar ƙasar nan tamu ta tsattsage tana jiran ruwa, gonaki shimfiɗe babu ko ganye, sai kututturen dawa. Tun daga tasha har duwatsun garin suka bayyana ina shirya magana ina rushewa. Wata zuciyar ta ce mini al'ada ba ta ce a lissafa laifi ba, ka nemi afuwa a dunƙule kamar yadda ka nema a kowace ƙofa. Ta ƙara da cewa faɗin gaskiyar zai buɗe masa ciwon da ya fara rufewa, shirun ma tausayi ne. Na saurare ta sosai, domin ta iya magana. Irin muryata gare ta.

Na same shi a ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidansu, taraktoci uku na jiran hannunsa kafin ruwan farko. Injin ɗaya na aiki, ya ɗora tafin hannunsa a kansa, idonsa a rufe. Dogon ƙarfen nan babu shi. Da ya buɗe ido ya gan ni sai ya daka tsalle kamar yaro.

"Ya zol, mutumina! Gado! Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To me ya fito da kunkuru daga ɓawonsa? Hiba! Ki gaya wa uwarki ta ɗora jabana, ta cika citta, ga Alhaji tun bai ga jirgi ba!"

Ya rungume ni, ya ɓata mini farar jallabiya da mai, ya ce in kai ta Makka haka a san ina da aboki mai sana'a. Hiba ta fito ta gaishe ni, ta girma, ta ce, "Baffa, ka rame." Asia ta leƙo ta yi mini barka. Aka shimfiɗa angarib a inuwa. Da zan zauna ya kama hannuna ya juyar da ni.

"Ta nan, ta dama. Wancan ɓangaren an rufe shago."

Ya faɗe ta yana dariya. Na zauna a damansa.

Muka sha finjali na farko da na biyu. Ya tambayi Atine, da Haidar, da gonar, ya tambayi ko har yanzu ina shuka riɗi a makare ina ɗora wa sama laifi. Ya tuna mini ranar da akuyar liman ta cinye allona na ce aljani ne. Na yi dariya, dariya ta gaske, irin wadda na shekara biyu da rabi ban yi ba, har hawaye ya zo, kuma hawayen bai tsaya inda dariyar ta tsaya ba. Na share fuskata na ce:

"Usumanu, al-afu wal-afiya. Tafiya ta kama ni."

"Kai ma? Tsakanina da kai?" Ya daki cinyata. "Na yafe duniya da lahira. In akwai wanda zai nemi afuwa ni ne, na ci abincin gidanka wata guda ban ko gyara maka ƙofar nan mai kuka ba. Sandar tsoho fa, za ka tafi da ita?"

"Zan tafi da ita."

"Madalla. Ta gaji da jira."

Shi ke nan, na samu. Kalmar da na zo nema tana hannuna, an ba ni ita da fara'a, a gaban shaidu. Motar komawa tana tashi bayan azahar. Da na miƙe a lokacin, babu mahalukin da zai ce ban cika al'ada ba.

Sai ya zuba finjali na uku, ya ce, yana duban taraktocin, "Mutum ɗaya ne in ya zo ƙofar nan ba zai samu ba. Naziru."

Naziru makaniki ne a kasuwar Gadarif, wanda masu tarakta suka bari suka koma wurin Usumanu a wancan lokaci.

"Na ɗauke masa aiki, ya ɗauke mini kunne. Wa zai yi in ba shi ba? Har tuwo ya aiko gidan ina tsare, don ya rufe sawunsa. Asia ta mayar masa da kwanonsa. Duk wanda ya tambaye ni a garin nan na gaya masa sunansa. Da uwarsa ta rasu bara ban je ba, ban kira ba."

Na dubi finjalin da ke hannuna. Afuwar da aka ba ni ta yi sanyi a cikina kamar kuɗin jabu. Na matsa kusa da kunnensa mai ji, domin kada in sami mafakar cewa na faɗa bai ji ba.

"Ba Naziru ba ne. Ni ne."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, yadda masu kunne ɗaya ke yi.

Na gaya masa rumfar, da ranar, da waɗanda ke zaune. Na maimaita masa maganar kalma bayan kalma, ban rage ba, ban sassauta ba. Na ce masa ban kai ƙararsa wurin kowa ba, amma daga bakina ta fita, kuma na san gaskiyar motar lokacin da na faɗa.

"Ka san gaskiyar," in ji shi a hankali. "A gidanka na faɗa maka. Kana ba ni ruwa."

"Na sani."

"To don me?"

Na nemi dalilin da ya kai girman abin da ya faru, ban samu ba. Na ce, "Don a yi dariya."

Injin da ya bari yana aiki ya yi ta bugawa a bayanmu. Usumanu ya tashi ya je ya kashe shi, ya tsaya can ya ba ni baya, yana goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Da ya dawo bai zauna ba.

"An yi dariyar?"

"An yi."

Ya gyaɗa kai. "Kwana goma sha tara ina cewa a raina, Gado na waje, Gado ba zai bar ni ba. Da sunanka na riƙe hankalina." Sannan ya ce, "Shekara biyu da rabi ina cin naman bawan Allah da bai yi mini komai ba. Na koya wa 'yata ƙin sunansa. Ka bar ni na yi wannan ma, kana ji a waya ina zaginsa."

Ya ajiye tsumman, ya ce:

"Abin da na ba ka ɗazu, ban san abin da nake bayarwa ba. Ka dawo mini da shi."

"Na dawo da shi."

"Ba zan ce maka na yafe ba alhali ban yafe ba. Ƙarya ta isa haka tsakaninmu. Ba kuma zan ce ba zan yafe ba, ban san abin da Allah zai yi da zuciyata ba." Ya dubi ƙofar gida, inda Hiba ke tsaye da tiren abinci, ta kasa gaba ta kasa baya. "Ka ci abinci kafin ka tafi. Ba a fita gidana da yunwa."

Ya koma wurin taraktarsa. Na ci loma biyu ni kaɗai a kan angarib, domin kada in ƙara masa wani laifin, na kama hanya.

Da na isa gida Atine ta dubi fuskata, ta dubi baƙin man da ke jikin jallabiyata, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce za ta wanke. Na ce ta bar ta tukuna.

Kwana takwas bayan haka aka raka mu tasha da hantsi, mu maniyyatan unguwa, za mu Bur Sudan inda za mu hau jirgi. Mata na guɗa, yara na riƙe da jakunkuna, kowa na cusa mini sunansa a kunne domin addu'a. Sandar kakana na hannuna. Ina amsa gaisuwa, idona na kan bakin titi, inda motocin kudu ke sauke mutane. Na san ba zai zo ba, amma ban iya hana idona ba.

Wanda ya ratso taron ya zo Naziru ne. Ya kama hannuna, fuskarsa da mamaki.

"Hajj Gado, ka san abokinka ya shigo gari jiya? Ya zo wurin aikina, a gaban kowa, ya ce ya zalunce ni da bakinsa, in yafe masa. Ya yi mini ta'aziyyar tsohuwa, har ya yi kuka. Na ce to wane ne ya yi maka wannan aika-aika? Ya ce bakinsa ya yi ɓarnar da ta ishe shi, ba zai ƙara kiran sunan kowa ba."

Ashe Usumanu ya shigo Gadarif. Daga kasuwa zuwa ƙofata tafiyar minti goma ce.

"Ya bar maka saƙo," in ji Naziru. "Ya ce in ka tsaya a Arfa ka roƙa masa Allah Ya buɗe masa abin da ya kasa buɗewa. Ya ce ya gwada, ya ƙi. Wai ka san ko mene ne."

"Na sani. Naziru, sunan da ya ƙi faɗa maka nawa ne. Kai ma ka ɗauki kayana shekara biyu da rabi. In na dawo zan zo in zauna a gabanka."

Ya saki hannuna a hankali. Ya dube ni kamar yana neman wani mutum a bayan fuskata. Direba ya yi ta danna ƙaho.

"Mota za ta tashi, Hajj," in ji shi. "Allah Ya kai ku lafiya."

Na hau na zauna a gefen taga, na jingina sandar tsakanin gwiwoyina. Mota ta ɗauki hanyar Kassala, Ƙala'at an-Nahal na ƙara nisa a bayana. Mutane ɗari sun ba ni sunayensu in kai, ga niyyar mutum biyu da suka mutu ba su isa ba, amma saƙo ɗaya nake ta maimaitawa don kada in sauya masa ko kalma. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, na farko a bana. Na ce a raina yanzu Usumanu yana ƙarƙashin bishiyar nan yana sauri, tafinsa a kan inji, masu gona na tsaye a kansa. Wanda ke kusa da ni ya tambaye ni ko na ce wani abu. Na ce masa a'a.